Jodan a ƙafa: duwatsun da ruwa ya sassaƙa, da tekun da ke ƙafewa

Akwai wata hanyar ƙafa a ƙasar Jodan da ta taso daga Ummu Ƙais a arewa, ta gangara har Aƙaba a bakin Bahar Maliya. Tsawonta ya haura kilomita 650, masu jimiri kan cinye ta cikin kwana 40 ko kusan haka, da jaka a baya, suna kwana a tanti ko a gidajen mutanen ƙauye. Abin kallo ba ya ƙarewa a kanta, amma wuraren da suka fi jan baƙi zuwa ƙasar su ne Petra da Wadi Rum da Tekun Gishiri. A ganina, wanda ya gan su bai tambayi labarin ruwa ba, rabin kallo ya yi, domin Jodan tana cikin ƙasashen da suka fi fama da ƙarancin ruwa a duniya.

Ana shiga tsohon birnin Petra ne ta wani tsagin dutse mai suna Siƙ, mai tsawon kilomita ɗaya da 'yan kai, wani wurin faɗinsa bai wuce mita uku ba. Motsin ƙasa ne ya fara tsaga dutsen, ambaliya ta bi ta goge shi tsawon zamunna. A ƙarshen tsagin sai Al-Khazna ta bayyana, gini mai tsayin kusan mita 40 da Nabatawa suka sassaƙa a jikin jan dutse shekaru wajen dubu biyu da suka wuce. Kowa nan yake ɗaga waya. Ni kuwa abin da ya fi ƙayatar da ni yana ƙasa, daidai gwiwa: kwatocin da aka fafe a bangon Siƙ, da guraben bututun yumɓu da ke kai ruwan marmaro cikin birni. Mutanen nan sun zauna inda ruwan sama bai taka kara ya karya ba, suka haƙa ma'ajiyar ruwa a cikin dutse, suka gina madatsa a bakin Siƙ, suka huda rami ta cikin tsauni domin ambaliya ta kauce wa gari. Da haka suka riƙe ayarin fatake masu safarar turare, har Rumawa suka karɓe mulkinsu a shekara ta 106 Miladiyya.

Bayan madatsar ta rushe, ruwa ya koma tsohuwar hanyarsa. A 1963 ambaliya ta rutsa da wasu Faransawa masu yawon buɗe ido a cikin Siƙ, ta kashe kimanin ashirin, sai aka sake gina madatsar a gurbinta na da. A Nuwamban 2018 ma sai da aka kwashe dubban baƙi cikin gaggawa. Busasshiyar ƙasa mai duwatsu ba ta shan ruwa da sauri, don haka hadarin da ya zuba can nesa kan iso wa mutum alhali rana na haskawa a kansa. Wannan ne ya sa ake rufe kwazazzabon Wadi Mujib, inda matasa ke kutsawa cikin ruwa sanye da rigar ceto, a watannin sanyi da ake ruwan sama.

A can Petra kuma, mai sauran ƙarfi ya hau matakala wajen 800 zuwa Ad-Dair, wani ginin da aka sassaƙa a jikin dutse. Wahalar ba ta faɗuwa ƙasa banza.

Wadi Rum kuwa fili ne na jan rairayi da manyan duwatsu, kuma tsatsar ƙarfe ce ta rina yashin. Larabawa makiyaya na yankin ne ke yi wa baƙi jagora a kan raƙumi ko a bayan mota, su kai su Jabal Ummu Dami, tsauni mafi tsayi a ƙasar, mai mita 1,854. Da rana ta faɗi sai sanyi ya sauko kamar tsakiyar hunturu, saboda busasshiyar iska ba ta riƙe zafin yini. Abin da baƙo ba ya gani shi ne ruwan Disi da ke kwance a ƙarƙashin wannan hamada tun dubban shekaru. Tun 2013 ake tura shi ta bututu mai tsawon kilomita 325 zuwa Amman, babban birnin ƙasar, kuma ruwa ne da sama ba ta mayar da gurbinsa.

Tekun Gishiri yana ƙasa da doron teku da fiye da mita 430, babu busasshiyar ƙasa da ta kai bakinsa zurfi a duniya. Ruwa na shiga amma ba shi da mafita sai tururi, gishiri kuma ya yi ta taruwa har ya kai kashi 34 cikin ɗari, kusan ninki goma na sauran tekuna. Lita ɗaya ta ruwansa na da nauyin kilo 1.24, jikin mutum kuwa bai kai haka nauyi ba, shi ya sa ko wanda bai iya iyo ba yake tasowa sama. A rigingine ake kwanciya. Ɗigo ɗaya a ido ya isa ya ɓata wa mutum yini, haɗiyarsa kuma tana iya kai shi asibiti.

Abin takaici, matakin ruwan tekun yana sauka da kimanin mita ɗaya kowace shekara. Tun shekarun 1960 Isra'ila da Jodan da Siriya ke karkatar da Kogin Jodan da na Yarmuk domin sha da noman rani, kamfanonin haƙar sinadarin taki kuma suna shanya ruwan kudancin tekun a manyan kududdufai. Da ruwan gishiri ya janye, sai ruwan daɗi na ƙarƙashin ƙasa ya biyo, ya narkar da gishirin da ke binne, ƙasa ta rufta ba zato. Dubban irin waɗannan ramuka sun buɗe a gaɓar tekun, a Gor Hadisa sun ci gonaki da gine-gine na talakawa manoma. An daɗe ana shirin jawo ruwa daga Bahar Maliya a zuba masa, amma Jodan ta jingine aikin a 2021, ta karkata ga tace ruwan teku a Aƙaba domin mutanen Amman su samu na sha.