CIWON HAƘORI: TSORON KUJERAR LIKITA MA YANA DA MAGANI

A unguwannin Hausawa na Kudu, tun daga Sabo ta Badun har Shagamu da Agege, ba abin mamaki ba ne a ga ƙato majiyi ƙarfi, wanda ke kayar da bijimi a mayanka, ya dafe kunci mako guda saboda ciwon haƙori. Ya tauna kanumfari, ya cusa garin taba a kogon, ya sha ƙwayoyin kemis, amma da an ambaci asibiti sai ya ce a bari sai gobe. Sau da yawa ba rashin kuɗi ne ke hana shi ba, tsoro ne: na allura, na ƙugin injin da ake fafe haƙori, da na kwanciya baki buɗe a gaban likitan da ba ya jin harshensa.

Wannan jinkiri kuwa yana da haɗari. Haƙorin da ya ruɓe har jijiya ba ya warkewa da kansa. Mugunya takan taru a gindinsa, in kuwa turmin ƙasa ne, kumburin yakan gangara ƙarƙashin harshe da wuya har ya toshe numfashi. An sha rasa rayuka ta haka.

To, abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne likitoci sun daɗe da samo dabarar kwantar da hankalin mai tsoro. A watan Disamba na 1844 wani likitan haƙori a Amurka, Horace Wells, ya shaƙi wata iska da ake kira iskar dariya, aka cire masa haƙori bai ji zafi ba. Har wa yau ana aiki da iskar nan, sai dai an kyautata yadda ake ba da ita.

Ya kamata a rarrabe abu biyu. Akwai allurar da ake yi a dasashi, watau mai kashe zafin wurin kawai, irin su lidokain da aka haɗa a ƙasar Suwidin a 1943. Akwai kuma maganin kwantar da hankali, wanda aikinsa sanyaya zuciya da kawar da fargaba. Galibi ana haɗa su ne, domin kowanne da aikinsa.

Hanya mafi sauƙi ita ce iskar dariya. Ana ɗora wa mutum ɗan murfi a hanci, ya riƙa shaƙarta gauraye da iskar oksijin. Cikin 'yan mintoci sai ya ji jikinsa ya saki, alhali idonsa biyu, yana ji yana amsawa. Da an rufe ta kuma, ba da jimawa ba sai ya wartsake. Ta dace da yara da manya, amma mai mura wanda hancinsa ya toshe ba zai amfana da ita ba.

Hanya ta biyu ƙwaya ce da likita ke bayarwa a sha kafin a fara aiki. Ta uku kuwa allura ce a jijiyar hannu, yawanci da wani magani mai suna midazolam. Mutum yakan zama kamar mai gyangyaɗi, in an yi masa magana ya amsa, amma bayan an gama da ƙyar ya tuna abin da ya faru. Duk tsawon aikin akwai 'yar na'ura maƙale a yatsarsa tana auna bugun zuciya da yawan oksijin a jini, saboda maganin yana iya rage ƙarfin numfashi.

Ta ƙarshe ita ce allurar barci sosai, irin ta ɗakin tiyata. Wannan sai a babban asibiti, tare da likitan da ya ƙware a kanta. A Ingila ma, bayan mutuwar waɗansu yara, an hana yin ta a ƙananan ɗakunan likitocin haƙori tun daga 2002.

Amma fa akwai sharuɗɗa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Lalle ne mutum ya gaya wa likita gaskiya in yana da hawan jini, ko ciwon suga, ko asma, ko sikila, ko kuma mace tana da juna biyu. Haka nan wanda ke shan taramol, ko kodin, ko ƙwayar barci, ko giya, tilas ya faɗi, domin haɗuwarsu da maganin likita tana iya tsayar da numfashi. Likita ba ɗan sanda ba ne, asirin majiyyaci amana ce a wuyansa.

Wanda aka ba ƙwaya ko allurar jijiya, dole ya zo da babban mutum da zai raka shi gida. Mace ta zo da mijinta ko 'yar'uwarta. Ɗan rakiyar in yana jin Turanci ko Yarbanci, sai ya zama tafinta, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ke nan. Bayan haka ba tuƙin mota ko babur, ba riƙe wuƙar fawa, ba ƙulla cinikin kuɗi sai an yi awa 24. Direbobin manyan motoci da 'yan canji su lura da wannan. In likita ya ce kada a ci abinci kafin a zo, a bi maganarsa sau da ƙafa.

Ba kowane asibiti ne ke da waɗannan kayan aiki ba, kuma kuɗinsu ya ɗara na cire haƙori kawai, saboda haka sai a tambaya tun ranar farko. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ikko yana Idi-Araba, maƙwabtaka da unguwar Hausawa, na Badun kuma bai yi nisa da Sabo ba, kuma dukkansu suna da sashen haƙori. Wanda duk ya ce zai sa mutum barci a shago ko a bakin kasuwa, a guje shi.

Faɗa wa likita cewa ana jin tsoro ba abin kunya ba ne, shi ne ma zai sa ya zaɓi hanyar da ta dace. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.