Jini a buroshi: abin da ya haɗa dasashi da gaɓɓai da ƙiba

Ma'aikata da yawa kan ga jini a buroshi ko asuwaki da safe, su kurkure baki su kama hanyar ofis. Likitocin gaɓɓai kuwa sun daina raina wannan jinin.

Amosanin gaɓɓai da ake kira rumatoyid ba ciwon gwiwar tsufa ba ne. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa gaɓɓan mai ita, musamman na yatsu da wuyan hannu, har mutum ya wayi gari hannuwansa a sandare na kusan sa'a guda. Mata sun fi maza kamuwa da shi, ninki biyu zuwa uku.

Ina ruwan dasashi? Wata ƙwayar cuta mai suna Porphyromonas gingivalis, wadda ke zama a gindin haƙorin da dasashinsa ya ruɓe, tana sauya siffar wasu sinadaran furotin na jiki. Garkuwa sai ta ɗauke su baƙi, ta ƙera makaman yaƙarsu. Irin waɗannan makamai ne gwajin jini na anti-CCP ke nema, kuma sukan bayyana shekaru kafin gaɓɓai su fara ciwo. A 2016, masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun nuna cewa wata ƙwayar bakin ma tana haddasa irin wannan sauyi.

Ƙiba ita ce ƙafa ta uku ta murhun. Kitse, musamman na tumbi, ba ajiya ba ce kawai: yana fitar da sinadaran kumburi irin su TNF da IL-6, waɗanda magungunan amosanin masu tsada ke ƙoƙarin toshewa. Masu ƙiba sun fi fama da ciwon dasashi, kuma amosaninsu ya fi wuyar lafawa. Wanda ke wuni a kujera tsakanin taro da taro, da lemon kwalba a gefe, ya kamata ya lura. Sigari kuma tana ƙara haɗarin ciwon dasashi da na gaɓɓai duka.

Alaƙa dai ba hujjar sanadi ba ce, kuma wanke haƙori ba ya maye gurbin maganin likita. Sai dai ƙananan gwaje-gwaje sun nuna cewa kankare dattin da ya daskare a ƙarƙashin dasashi yana ɗan rage zafin amosanin. Ga wanda yatsunsa suka riga suka sandare, riƙe buroshin kansa aiki ne. Buroshi mai batir ko mai kaurin mariƙi yana sauƙaƙa masa.