Asu A Rumbu: A Kore Shi Da Ganye, Ba Da Guba Ba

Ya kai mai gida, ko a Bagudo kake, ko Illo, ko Lolo, duba hatsinka. In ka ga ƙaramin asu yana tashi daga gero ko shinkafa, to, tsutsarsa ta riga ta fara ci.

Kada ka zuba maganin ƙwari na gona cikin abinci. Yana kisa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda irin wannan guba.

Ga dabara. Man da ke ba daddoya da kanumfari ƙamshi yana rikita jijiyoyin ƙwaro. Dogon yaro kuwa yana tare saƙon da ke umurtar tsutsa ta yi saɓa. Tsutsar da ba ta yi saɓa ba, ba ta zama asu, balle ta yi ƙwai.

Sai ka yi haka:

1. Shanya hatsi har ya yi ƙaras a haƙori.
2. Share rumbu, ka fid da ragowar bara.
3. Jera busasshen ganye tsakanin hatsi, ka rufe ruf.
4. Riƙa sake ganyen, gama ƙamshi yana gushewa.
5. A sheƙe hatsi kafin a daka.

Rigakafi ya fi magani.