Bel ɗin taimin: igiyar da ba a gani, da yadda ake gane lokacin canza ta



'Yan uwa, a bara muna dawowa daga wa'azi a Dapaong, mun wuce Mango mun nufi Gando, motarmu ta mutu tana cikin tafiya, ba ƙara ba hayaƙi. Direba ya yi ta murza makulli, inji yana juyawa da sauri fiye da yadda ya saba amma ya ƙi tashi. Washegari makaniki ya buɗe, ya fito da wata baƙar igiyar roba a tsinke, ya ce bawul sun lanƙwashe. Da mai motar ya ce ƙaddara ce, na ce gaskiya ne, amma yaushe rabon da a canza igiyar? Bai sani ba.

Wannan igiya ita ce bel ɗin taimin, wadda makanikanmu suke kira da Faransanci courroie de distribution. Kada a haɗa ta da fambel da ake gani idan an buɗe bonet. Ita tana ɓoye a bayan murfi, kuma tana da haƙora. Aikinta ta haɗa karanshaf, wanda fistin ke juyawa a ƙasa, da kamshaf, wanda ke buɗe bawul yana rufewa a sama. Duk juyi biyu na na ƙasa, na sama juyi ɗaya yake yi, daidai wa daida. A injina da yawa, musamman na gas, wurin da bawul ke sauka nan fistin ke hawa, lokaci ne kawai ya raba su. Idan bel ya tsinke, na sama ya tsaya, na ƙasa ya ci gaba, sai fistin ya doki bawul. Gyaran da za a gama a wuni ɗaya ya koma sauke kan inji, wani lokaci ma sayen wani injin.

Abu mafi muhimmanci: sau da yawa bel ba ya sallama kafin ya tsinke. Don haka lissafi ya fi kunne. Kowane kamfani ya rubuta wa'adinsa a littafin mota, galibi tsakanin kilomita 60,000 zuwa 160,000, ko kimanin shekara biyar zuwa bakwai, duk wanda ya riga zuwa. Shekarun nan su ne mutane ke mantawa. Alhaji yakan ce motata ba ta zuwa ko'ina sai masallacin Juma'a, alhali roba tana tsufa ko mota na ajiye. A wurinmu kuwa, ga zafin Maris da Afrilu da ke kai digiri 40 a yankin Mango, ga ƙurar hunturu, ga lodi. A ganina gara a canza kafin wa'adi ya cika.

Yawancin motocinmu na hannu ne, daga Turai suka sauka a tashar jirgin ruwa ta Lome, kuma ba kowace lambar kilomita ce abin amincewa ba, don akwai masu mayar da ita baya. Wanda ya sayi mota babu takardar da ta nuna ranar canjin bel, ya ɗauka ba a canza ba. Amma ya fara tambaya ko motarsa bel gare ta ko sarƙa. Tsofaffin Corolla bel ne da su, da yawa daga cikin na bayan shekarar 2000 sarƙa ce, ita kuwa ba a canza ta a kan wannan lissafi.

Masu Hiace da Hilux na gas sun san wutar nan mai rubutun T-BELT a gaban direba. Wannan wuta ba ta ganin bel, kilomita take ƙirgawa. Idan ta kama, wa'adi ya cika. Akwai masu zuwa gareji a kashe masu wutar su ci gaba da lodi. Wanda ya yi haka kansa ya yaudara, sannan ya yaudari mutanen da ke zaune a bayansa, waɗanda za su hau tudun Aledjo tsakanin Sokode da Kara suna zaton an kula da motar.

Duk da haka akwai alamomi. Makaniki ya cire murfin sama ya duba: idan bayan bel ya tsattsage ko yana ƙyalli kamar an goga mai, ko gefensa ya fara fitar da zare, ko haƙori ya gutsure, to ya gama aiki. Baƙin mai da ke yoyo ta wajen murfin yana cinye roba, haka ma ruwan lagireto idan famfon ruwa ya fara zuba. Ƙarar kas-kas ko kukan boris daga gaban inji yana iya nuna abin da ke ɗaure bel ya saki. Idan kuwa bel ya tsallake haƙori, mota takan yi wuyar tashi, ta yi rawa a tsaye, ƙarfinta ya ragu. In za a canza, a canza har da boris da abin ɗaurewa, da famfon ruwa idan bel ɗin ke juya shi, don tsohon boris yana kashe sabon bel. A rubuta rana da kilomita a manna cikin bonet.

Ta fuskar shari'a, malamai sun sani cewa Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, aka umurce shi ya ɗaure ta tukuna. Fasinja amana ne a hannun direba da mai mota. Mai sayarwa kuma idan ya san wa'adin bel ya wuce, ko an taɓa mita, ko an kashe wuta ba a canza ba, wajibi ne ya faɗa. Ɓoye aibi algus ne, kuma malaman fiƙihu sun ba mai saye damar mayar da kayan da aka ɓoye masa aibinsa. Haka makanikin da ya sa jabu ya karɓi kuɗin na asali.

Idan Allah ya ƙaddara inji ya mutu kana tafiya, ka tuna birki zai yi tauri, sitiyari ma haka. Ka lallaɓa ka sauka gefen hanya, ka sa alama. In ka murza makulli ka ji inji yana juyawa sakayau ba nauyi, kada ka sake murzawa, kuma kada ka bari a tura. Ka nemi mai ja.