Tsadar Inshorar Mota a Bakin Iyakar Gaya

Direban da ke lodi a tashar Gaya ta ƙasar Nijar yana tsakanin dokoki biyu. In ya nufi Dosso ko Yamai, dokar CIMA ce ke kansa, wato yarjejeniyar da ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka sa wa hannu a Yawunde a 1992, wadda ta wajabta wa kowace mota inshorar biyan diyya ga wanda ta yi wa ɓarna. In kuwa ya juya gabas zuwa Kamba, ya shiga hurumin NAICOM, hukumar inshora ta Najeriya.

A ɓangaren Najeriya ne tashin kuɗin ya fito fili. Daga 1 ga Janairun 2023, inshorar ƙaramar mota ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta manyan motocin dakon kaya kuma ta kai naira 100,000. An ɗaga iyakar diyyar ƙaramar mota daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3, aka kuma haɗa da katin inshorar ECOWAS na ƙetare iyaka, wanda aka kafa tun 1982. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: kayan gyara daga waje ake shigo da su, kuɗin asibiti ya hau, tsohuwar diyyar ba ta iya gyara ko gaban mota. Faɗuwar naira daga tsakiyar 2023 ta ƙara rura wutar.

A Nijar tsarin daban ne. Akwai farashi mafi ƙanƙanta da hukuma ta amince da shi, kamfani ba ya sauka ƙasa da shi, kuma doka ta ce sai an biya kuɗi a hannu inshora ke fara aiki. Abin da ya matsi Gaya shi ne samu da ya ragu. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar da ta haɗa ta da Malanbil ta ƙasar Benin, kayan da ke zuwa daga Kwatano suka koma bin Lome da Burkina Faso. Mota tana ajiye, takardarta kuwa tana ƙarewa, sabuntawa kuma ba a ɗaga ƙafa.

Sakamakon yana da zafi. Mai mota da aka ƙure yakan ƙara kuɗin mota, fasinja da ɗan kasuwa su biya. Wani yakan sayi takardar jabu don ya wuce shingen jandarma ko 'yan sanda. Ranar da hatsari ya auku, sai a tarar babu kamfanin da ya san da ita, a koma sulhu gaban dattawa, marayu su tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ƙarin kuɗin inshora yana da hujja, amma hujjar ba ta cika sai diyya ta riƙa fita a kan lokaci. Direbobi da yawa suna ɗaukar inshora tamkar haraji, domin ba su taɓa ganin wanda aka biya ba. Aikin masu sa ido ke nan: su toshe takardun jabu, su hukunta kamfanin da ke jan ƙafa wajen biya, su kuma bayyana wa direban Gaya matsayin katinsa na ƙetare iyaka tunda Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ranar da mutanen tasha suka ga an biya iyalan ɗan'uwansu haƙƙinsu ba tare da wahala ba, ba sai an tsare kowa a hanya kafin ya yanki inshora ba.