Fitilar kwana ta tsohuwar mota: yaya za a ƙara mata haske?

Ku dubi tashar garinku ran kasuwa. Har yanzu akwai tsofaffin motoci da ke aiki: Peugeot 404 bashe, da 504, da tsofaffin Toyota da Land Rover. An fara ƙera 404 a Faransa a shekara ta 1960, 504 kuwa a 1968. A 1975 anka buɗe gidan haɗa Peugeot a Kaduna, motocinshi da yawa sunka shigo ƙasarmu. Wasu cikin motocin nan sun girmi direbobinsu. Amma su ne ke ɗaukar hatsi da albasa da awaki da mutane zuwa ƙauyukan da babbar mota ba ta shiga.

Kowane direba shina kula da inji da birki da taya. Abin da ake mantawa da shi shi ne fitilar kwana, wadda muke ce ma kilinyota, ƴan Nijeriya kuma suna ce mata sigina. Ita ce ke gaya ma na baya da na gaba inda mota za ta juya.

Ina hatsarin shike?

A ƙasarmu mota tana bin hannun dama, mai wuce ta kuma shina bi ta hagu. To, ga bashe cike da mutane bisa gudro, tana son ta sauka hagu ta kama hanyar ƙauye. Direba ya kunna kilinyota, ya ji tana ƙara, ya ɗauka an gani. Na baya bai ga komi ba. Shi a ganinshi bashe ta rage gudu ne kawai, sai shi fito shi wuce. Daidai lokacin nan bashe ta juya. Mutanen da ke zaune baya ba su da bango ba su da ƙofa.

Babbar hanyarmu daga Damagaram zuwa Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Doso har Yamai ta miƙe ne gabas da yamma. Mai tafiya yamma da safe, rana tana bugun fitilunshi na baya, ba a gane wadda ke kunne da wadda ke kashe. Da marece kuma rana tana cikin idon mai bin shi. Ga ƙura lokacin hunturu. Fitila mai rauni ba ta faɗa da waɗannan.

Kada ku yi gaggawar sayen sabon ƙwai

Sau da yawa laifin ba na ƙwai ba ne. Ku ɗauki turnabis ku kwance murfin fitila, ku duba.

Murfin roba ne mai ruwan goro. Rana tana kashe kalarshi, ƙura da hayaƙi suna taruwa cikinshi. A wanke shi da ruwa da sabulu, ciki da waje, a bari shi bushe sarai. In ya tsage ko ya koɗe ya koma fari, a nemi wani. Kada a wanke shi da esanshi, tana ɓata roba.

Bayan ƙwai akwai ɗan kwano mai ƙyalli. Aikinshi shi maido haske waje. In ya yi tsatsa ko ya yi baƙi, sai shi shanye hasken. A goge shi a hankali da tsumma mai laushi. In ƙyallin ya tafi duka, a shafa mashi farin fenti ko mai ruwan azurfa. Wanga ɗan aiki kaɗai shina canza fitila ƙwarai.

Sannan a karanta rubutun da ke gindin ƙwai. Na kilinyota an rubuta mashi 12V 21W, wato bolt 12, wat 21. Akwai ƙwai masu wat 5 ko wat 10 da ke shiga mazauni ɗaya da shi, amma na ƙananan fitilu ne. Akwai kuma masu bolt 24, na kamiyo. In an sa mai bolt 24 cikin ƙaramar mota, shina kamawa, amma ja-ja kamar garwashi. Ƙwan da gilashinshi ya yi baƙi ya tsufa, a fidda shi ko da shina kamawa.

Babban ɓarawon haske kuwa shi ne mas. Wuta tana fitowa daga batir ta bi waya zuwa ƙwai, sannan ta koma batir ta cikin ƙarfen mota. Inda fitila ke haɗuwa da ƙarfen mota, shi ake ce ma mas. In wurin ya yi tsatsa, wuta ba ta wucewa da kyau. Ƙwai mai zare ba ya haƙuri da ƙarancin wuta: in kashi 10 cikin 100 na ƙarfinta ya ɓace a hanya, haske shina raguwa da kusan kashi 30.

Gane mugun mas ba wuya. Direba shi kunna kilinyota, shi taka birki, yaron mota shi tsaya baya shi duba. In fitilar birki ta shiga ƙiftawa ita ma, ko kilinyota ta dushe, to mas ne. A kankare tsatsa har ƙarfe shi fito fari, a ɗaure da kyau, a shafa ɗan giris. In ana son aiki mai daɗewa, mai gyaran wutar mota shi ja sabuwar waya daga fitila zuwa ƙarfe mai tsabta.

Wasu suna cusa ƙwai mai wat da yawa wai don haske shi ƙaru. Kada ku yi haka. Zafinshi shina narka murfi, shina ƙona mazaunin ƙwai.

Sabon ƙwai mai suna led

Yanzu kasuwa ta cika da ƙwan led, irin wanda ke cikin cocila da fitilun sola. Ba shi da zare. Shina kamawa nan take, shina mutuwa nan take, don haka ƙiftawarshi ta fi shiga ido. Girgizar hanyar laterit ba ta tsinka mashi komi, kuma ba ya cin batir. Mai kyau cikinsu ya fi tsohon ƙwai haske. Amma akwai na banza da yawa, masu ƙyalli cikin shago, in an fito da su rana ba su kai mai wat 21 ba. Lambobin da ke bisa kwali ba shaida ba ne.

Wurin saye a lura da gindi. Ƙwan kilinyota na waɗannan motoci shina da ɗigo ɗaya a ƙarƙashi, da ƴan kunnuwa biyu daura da juna. Mai ɗigo biyu na fitilar birki ne. Akwai kuma wani mai ɗigo ɗaya wanda kunnuwanshi sunka karkace, ba ya shiga. Ku tafi da tsohon a aljihu ku gwada, kada ku tura da ƙarfi.

A lura da kala. Bayan murfi mai ruwan goro, led mai ruwan goro ake sawa. Farin led shina fitowa fari-fari, ba ya kama da kilinyota. Shuɗi da kore da masu canza kala ado ne kawai, suna rikita na baya. A zaɓi kuma wanda ke da idanu kewaye da jikinshi, ba a kai kaɗai ba, don kwano shi samu hasken da zai watsa gefe.

Led shina da hannu: wuta ta gefe ɗaya take shigarshi. Yawancin motoci wayar batir mai alamar ragewa ce ke ɗaure ga ƙarfe, led ɗin kasuwa don su anka yi shi. Amma tsofaffin Land Rover na kafin 1967 an ƙera su da mai alamar tarawa ga ƙarfe. Mai irin wannan mota shi duba batir ɗinshi tukuna.

Mi ya sa ta bar ƙiftawa?

Nan ne mutane da yawa ke cewa an sayar masu da jabu. An sa led, an kunna, sai fitila ta tsaya kunne ba ƙiftawa, ko kuwa ta riƙa ƙiftawa da sauri kamar mai jin tsoro.

Dalili shi ne ɗan gwangwanin da ke ƙarƙashin tablo, wanda masu gyara ke ce ma santaral. Shi ke yin ƙarar da direba ke ji. Na tsohuwar mota da zafi shike aiki. Wuta ta bi ta cikin ɗan ƙarfe, ya yi zafi ya lanƙwashe, wuta ta yanke. Ya huce ya miƙe, wuta ta dawo. Mu yi lissafi. Ƙwan gaba wat 21, na baya wat 21, sun zama 42. A raba 42 da bolt 12, an samu ampar 3 da rabi. Da wannan wutar anka auna shi. Led biyu kuwa sau da yawa ba su jan ko ampar 1. Ƙarfen ba ya samun zafin da ya saba.

Magani biyu ne. Na farko, a canza santaral, a sa na zamani wanda anka yi don led. A ƙirga ƙafafun tsohon, 2 ne ko 3, a sayo mai kama da shi. Wasu suna da ƴar waya ta mas, sai an ɗaure ta. Na biyu, a ƙara ma kowane led rezistans mai om 6, wat 50, don shi ja wuta kamar tsohon ƙwai. Rezistans shina zafi ƙwarai. Bisa ƙarfe ake ɗaure shi, nesa da roba da waya da tiyon esanshi, kuma da shi tattalin batir ya tafi. A ganinmu canza santaral ya fi. Mai shirin sayen led shi tambayi kuɗɗin santaral tun farko, shi haɗa lissafinshi.

A wasu motoci ɗan ƙwai ɗaya ne a tablo ke nuna hagu da dama. Bayan an sa led, wuta tana iya bi ta cikinshi ta tsallaka ɗaya gefen, sai fitilu huɗu su riƙa ƙiftawa tare. Wannan ya fi rashin fitila muni, don na baya bai san inda za ka ba. Mai gyara shina sa diyod biyu shi tare wutar. Kada mota ta fita garaji a haka.

Wani abu kuma: da tsohon santaral, in ƙwai ya mutu ƙarar tana canzawa, direba ya sani. Da yawancin sabbin, ƙara ba ta canzawa. Sai an riƙa zagaya mota kowace safiya ana dubawa.

Gwaji da rana tsaka

Kada ku canza duka lokaci ɗaya. Bayan an sa sabon santaral, ku sa led a hagu, ku bar tsohon ƙwai a dama. Ku fidda mota fili da rana tsaka, inji shina aiki. Ku ja baya taki 50 ku duba hagu, ku duba dama. Ku koma gefe ku sake dubawa, kamar mai babur da ke zuwa ta kusurwa. In sabon bai fi tsohon ba, ku maida shi ga mai shago.

Sannan ku ɗauki agogo ku ƙirga. Ƙa'ida ita ce ƙiftawa 60 zuwa 120 cikin minti ɗaya. Ƙasa da haka ko sama da haka, aiki bai ƙare ba.

Tsohon santaral da tsofaffin ƙwan da ke da rai, a naɗe su cikin tsumma a aje cikin akwatin kayan aiki. In led ya mutu nesa da gari, su za a maida. In babu ko ɗaya, direba shi rage gudu tun da nisa, shi miƙa hannu ta taga, shi dubi madubi kafin shi juya.