Idan Garkuwar Jiki Ta Juya Wa Mai Ita

A darasin bayoloji an koya mana cewa jiki yana ƙera wasu sinadarai masu kama ƙwayoyin cuta su riƙe, har fararen ƙwayoyin jini su zo su gama da su. Wani lokaci kuma sinadaran nan kan ɓata hanya, su far wa jikin da ya ƙera su. Tunda a cikin jini suke yawo, likita yana iya ɗibar jini ya neme su.

Ɗaya daga cikinsu shi ne ANCA. Wasu likitoci a Ostireliya ne suka fara bayyana shi a 1982, a jinin masu ciwon ƙoda. A 1985 masu bincike a Turai suka nuna alaƙarsa da kumburin ƙananan jijiyoyin jini. Abin da yake yi shi ne manne wa wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil, ya tunzura su, su kuma su riƙa ɓarnata bangon jijiyoyin. Iri biyu ake nema a ɗakin gwaji: mai kama PR3 da mai kama MPO. Na farkon ya fi zuwa da ciwon hanci da huhu, na biyun ya fi taɓa ƙoda, kodayake kowannensu yana iya kama duka.

Ƙodar ce abin tsoro. Tana iya lalacewa cikin 'yan makonni mutum bai ji zafin komai ba, sai dai a ga jini da furotin a gwajin fitsari. Kafin a sami magani, yawancin masu nau'in cutar mai tsanani ba sa wuce shekara guda. Yanzu idan an gano da wuri ana shawo kanta.

To amma ganin ANCA a jini bai isa a yanke hukunci ba, kuma a nan ne lamarin ya shafe mu. Tari da jini, zazzaɓi, rama da gumin dare alamomin wannan cuta ne, kuma su ne alamomin tarin fuka, wanda ya fi ta yawa nesa ba kusa ba a ƙasarmu. Wani mai tarin fukar ma gwajin ANCA ɗinsa kan nuna akwai. Maganin kumburin jijiyoyi kuwa danne garkuwar jiki yake yi. A ba mai tarin fuka shi bisa kuskure, an buɗe wa cutar ƙofa ke nan.

Shi ya sa likita ba ya tsayawa kan takardar sakamako ɗaya. Zai gwada majina, ya ɗauki hoton ƙirji, ya duba fitsari, sau da yawa kuma ya ciro ɗan tsoka daga ƙoda da allura a duba a madubin likita, sannan ya rubuta magani.